Yadda ake tsara na'urori da layin intanet kafin kafa mashigar saƙonnin tes

Mashigar saƙonni kwamfuta ce da ke tsayawa tsakanin manhajar wata ƙungiya da cibiyar saƙonni ta kamfanin waya. Tana karɓar saƙon tes daga manhajar, ta miƙa shi ga kamfanin, sannan ta dawo da rahoton ko ya isa wayar wanda aka aika wa. Asibitin da ke tuna wa masu juna biyu ranar awo, da makarantar da ke sanar da iyaye ranar dawowa daga hutu, da ƙungiyar manoma da ke shaida wa membobinta cewa taki ya iso, duk da irin wannan na'ura suke aiki, ko tasu ta kansu ko ta haya. A wannan bayani zan kafa misali da Kannel, manhajar kyauta da aka fara rubutawa a ƙasar Finland a shekarar 1999, wadda har yau ake ɗora ta a kan Linux domin wannan aiki.

Yawancin masu son kafa mashiga sukan fara da tambayar wace babbar saba, wato kwamfutar da za ta riƙa gudanar da aikin, za su saya da kuma megabit nawa na faɗin layin intanet za su biya, alhali waɗannan su ne tambayoyi mafi sauƙin amsa. Saƙon tes abu ne ƙarami ƙwarai. Abin da ke durƙusar da mashiga shi ne kuskuren ƙidaya tun farko, da jinkirin layi, da ɗaukewar wuta, da adireshin intanet mai sauyawa, don haka a kansu ya kamata a kashe lokaci da kuɗi.

Mataki na farko: ƙidaya saƙonnin sa'ar da aiki ya fi yawa

Kada a yi lissafi da jimillar saƙonnin wata guda. A nemi sa'ar da aiki ya fi tsananta, a tambayi masu aikin saƙo nawa ne dole su fita a cikinta, sannan a raba adadin da 3,600, wato daƙiƙoƙin da ke cikin sa'a ɗaya. A ɗauka cewa wata ƙungiyar manoma tana da membobi 90,000, kuma tana so sanarwa ta isa ga kowa cikin sa'a guda. Idan aka raba, za a samu saƙo 25 a kowace daƙiƙa. Idan shugabannin ƙungiyar suka yarda a baza aikawar cikin sa'o'i biyar, adadin ya sauko zuwa saƙo 5 a daƙiƙa, kuma duk abin da za a saya daga baya ya ragu. Saboda haka ya dace a zauna da su a tantance wane saƙo ne na gaggawa da gaske, kamar lambar sirri ta shiga asusu wadda ba ta da amfani bayan 'yan mintoci, wane ne kuma zai iya jira.

Sai dai wannan adadi bai cika ba tukuna, domin kamfanin waya da gutsure yake ƙidaya, wato guntayen da ake tsinka dogon saƙo zuwa gare su, kuma a nan ne mai rubutu da Hausa yake bukatar lura ta musamman. Saƙon tes guda yana ɗaukar bayit 140 ne kacal. Idan duk haruffan da ke cikinsa suna cikin jerin haruffan GSM na asali, wato haruffan da aka tanada wa saƙon tes tun farko, bayit 140 ɗin suna ɗaukar harafi 160. Amma ƙ da ɗ da ɓ da ƴ ba sa cikin wannan jeri, haka ma alamar naira ta ₦, haka ma lanƙwasasshiyar alamar ɗauri da manhajojin rubutu ke sakawa da kansu a kalmomi irin su 'ya'ya. Da zarar ɗaya daga cikinsu ya shiga, dukan saƙon yana komawa tsarin UCS-2, inda kowane harafi ke cin bayit biyu, sai iyakar ta faɗo zuwa harafi 70. Idan kuma saƙo ya zarce iyaka aka tsinka shi gutsure-gutsure, kowane gutsure yana sadaukar da bayit 6 ga bayanin da wayar mai karɓa za ta yi amfani da shi wajen sake haɗa su, don haka gutsure ɗaya yana ɗaukar harafi 153 a tsarin GSM, ko 67 a tsarin UCS-2.

Mu koma ga ƙungiyar manoman. Idan sanarwarsu tana da harafi 150 kuma an rubuta ta da k da d da b marasa lanƙwasa, gutsure ɗaya ce. Idan an rubuta ta da daidaitacciyar Hausa, ta zama gutsure uku, domin biyu ba za su wuce harafi 134 ba. Saƙo 90,000 ya zama gutsure 270,000, buƙatar 25 a daƙiƙa ta zama 75, kuɗin da za a biya ma ya ninka sau uku. A ganina bai kamata a yanke hukunci ɗaya ga dukan saƙonni ba. Inda rashin lanƙwasa zai iya sauya ma'ana, musamman a saƙon lafiya ko na kuɗi, a rubuta daidai kuma a taƙaita zance har ya shiga cikin harafi 70 ko 134. Inda ma'ana ba ta da shubuha, ƙungiya tana iya zaɓar sauƙin kuɗi. Abin da ba shi da kyau shi ne a bar lamarin ga sa'a, ma'aikaci ya kwafo rubutu daga wani wuri da alama ɗaya da ba a lura da ita ba, sai a ga kuɗin asusu ya ƙare kafin rabin jama'a su samu saƙo. A sa manhajar ta nuna adadin gutsure kafin a danna aikawa.

Bayan an samu adadin gutsure a daƙiƙa, a ƙara masa rabi domin sake aikawa da kuma bunƙasar ƙungiya nan gaba. Da wannan lamba za a je wurin kamfani ko dillali.

Mataki na biyu: zaɓar hanyar fita

Hanyoyi biyu ne. Ta farko ita ce a jona modem mai ɗauke da sim a jikin kwamfuta, Kannel ta riƙa ba shi umarnin AT, wato gajerun umarnin da ake sarrafa modem da su, ya aika kamar yadda waya ke aika saƙo. Hanya ce mai arha, ba ta ma buƙatar intanet, amma tana da nawa: sim ɗaya ba ya wuce saƙo kusan 6 zuwa 10 a minti. Ko da an ɗauki 10 ɗin, saƙo 600 ke nan a sa'a, wato ƙungiyar manomanmu za ta buƙaci sim 150 kafin ta fitar da gutsure 90,000 cikin sa'a ɗaya. Ban da haka, kamfanonin waya suna iya toshe layin da suka ga yana zuba saƙonni babu ƙaƙƙautawa, kuma a Nijeriya kowane sim a ɗaure yake da lambar NIN ta wani mutum, wanda shi zai amsa tambaya idan aka yi ƙorafi. Modem ya dace da ƙaramin asibiti ko makaranta mai aika 'yan ɗaruruwan saƙonni a rana, ya kuma dace da karɓar amsoshin jama'a a kan lambar waya ta yau da kullum.

Hanya ta biyu ita ce haɗi kai tsaye ta intanet da cibiyar saƙonni, ta amfani da SMPP, ƙa'idar da mashiga da cibiyar saƙonni ke musayar saƙo da ita, wadda sigarta ta 3.4 ce aka fi amfani da ita. Ana samun wannan haɗi daga kamfanin waya irin su MTN da Airtel da Glo, ko kuma daga dillalin saƙonni mai lasisin hukumar sadarwa ta Nijeriya, NCC, wanda ya riga ya haɗu da dukansu. Ga yawancin ƙungiyoyi dillali ya fi sauƙi, musamman da yake tun shekarar 2013 mutum yana iya ƙaura da lambarsa daga wani kamfani zuwa wani a Nijeriya, ta yadda farkon lamba ba ya tabbatar da kamfanin da take. Kafin a sa hannu a yarjejeniya, a nemi amsar waɗannan a rubuce: gutsure nawa aka yarda a aika a daƙiƙa, haɗi nawa aka yarda a buɗe lokaci guda, saƙo nawa aka yarda su kasance a hanya ba tare da an amsa su ba, ko ana dawo da rahoton isar saƙo na gaskiya daga wayar mai karɓa, da kuma ko sai ta VPN, wato keɓaɓɓiyar hanya mai ɓoye bayanai a cikin intanet, za a haɗu.

Mataki na uku: lissafin faɗin layi da jinkiri

Kowane gutsure yana haifar da musaya huɗu a SMPP: mashiga ta miƙa saƙo, cibiya ta amsa da lambar shaida, daga baya cibiya ta turo rahoton isarwa, mashiga ta amsa cewa ta karɓa. Idan aka haɗa dukansu har da ƙarin bayanan da ƙa'idojin intanet na TCP da IP ke ɗorawa a kai, ba su kai kilobayit ɗaya ba, don haka lissafi da kilobayit ɗaya ga kowane gutsure ya wadatar har da rara. Gutsure 75 a daƙiƙa ya zama kilobayit 75, wato kilobit 600 a daƙiƙa, ƙasa da megabit ɗaya. Ko an ƙara nauyin VPN da na shiga sabar daga nesa, megabit 2 tsayayye ya isa. Sharaɗin kawai shi ne kada mashigar ta yi tarayya a layi ɗaya da ma'aikatan ofis masu kallon bidiyo, sai dai idan an ware mata kasonta a rauta, na'urar da ke raba intanet ga kwamfutoci.

Jinkiri ne ya fi faɗin layi muhimmanci, kuma dalilin yana cikin abin da ake kira taga. Cibiyar saƙonni ba ta yarda a yi ta jibga mata saƙonni ba iyaka. Tana ƙayyade adadin da za su kasance a hanya kafin ta amsa. Abin ya yi kama da layin ganin likita, inda ake shigar da mutum goma, ba a kiran na sha ɗaya sai ɗaya ya fito. A Kannel wannan adadi shi ne max-pending-submits, kuma idan ba a taɓa shi ba yana kan 10. Iyakar saurin haɗi ɗaya shi ne girman taga a raba da lokacin da saƙo ke ɗauka ya je amsarsa ta dawo. Idan lokacin daƙiƙa 0.1 ne, taga mai 10 tana ba da gutsure 100 a daƙiƙa. Idan lokacin ya kai daƙiƙa 0.4, ko saboda nisan hanya ko saboda nawar cibiyar kanta, saurin ya faɗo zuwa 25, kuma ko an sayi megabit 100 ba zai ƙaru ba. Mai buƙatar 75 a irin wannan layi sai ya roƙi a faɗaɗa masa taga zuwa 30, ko a ba shi haɗi uku, ko kuma ya matsar da sabarsa kusa da cibiyar. Tsohon intanet na tauraron ɗan Adam mai tsayuwa wuri ɗaya, wanda jinkirinsa ke kai kusan daƙiƙa 0.6, shi ya fi wahalarwa a nan.

A ɗaya ɓangaren kuma, kada a aika fiye da abin da aka amince. A saita throughput, wato iyakar gudun aikawa a Kannel, daidai da adadin da ke cikin yarjejeniya ko ƙasa da shi kaɗan. Idan aka zarce, cibiya tana mayar da kuskure mai lamba 88, wanda ke nufin a rage gudu, sai saƙonni su koma layi, sake aikawa ta ƙara cunkoso a kan cunkoso.

Mataki na huɗu: na'urar kanta

Kannel ba ta da cin ƙarfi. Kwamfuta mai furosesa mai cibiya 2 zuwa 4 da RAM gigabayit 4 zuwa 8 tana ɗaukar irin nauyin da muka lissafa ba tare da gajiya ba. Inda ya kamata a kashe kuɗi shi ne faifan ajiya. A sayi SSD guda biyu a haɗa su a tsarin RAID 1, domin idan ɗaya ya mutu ɗayan ya ci gaba. Dalili shi ne saƙonnin da ke jiran fita dole a rubuta su a faifai ta hanyar saita store-type da store-location a Kannel, in ba haka ba duk wanda ke layi ya ɓace idan na'ura ta mutu. Haka nan bayanin da Kannel ke amfani da shi wajen gane rahoton isarwa: idan aka bar dlr-storage a kan internal, a cikin RAM yake zaune, kuma da an sake kunna manhajar rahotannin da suka iso daga baya ba za a san na wane saƙo ba ne. A mayar da shi cikin rumbun bayanai irin su MySQL ko PostgreSQL ko Redis tun ranar farko.

Game da girman faifai, a yi lissafi da kilobayit ɗaya ga kowane gutsure a kundin tarihi da rumbun bayanai. Mai aika 270,000 kullum yana tara kusan megabayit 270 a rana, wato kusan gigabayit 100 a shekara. A saita logrotate, manhajar Linux mai kula da kundayen tarihi, ya riƙa matsewa da share tsofaffin kundaye, kuma a tsayar da wa'adin ajiye lambobin mutane da abin da aka rubuta musu, domin dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta shafi irin waɗannan bayanai.

Wanda ya zaɓi modem yana da ƙarin abubuwan lura. Modem yana fizgar wuta da ƙarfi a lokacin da yake aikawa, don haka idan sun fi ɗaya a jona su a mahaɗar USB mai wutarta daban. Sunayen da Linux ke ba su, irin su ttyUSB0, suna iya sauyawa bayan sake kunnawa, sai a kira su ta /dev/serial/by-id ko a kafa musu suna da dokar udev, sashen Linux mai ba na'urori suna. A kashe ModemManager, manhajar Linux mai sarrafa modem, domin kada ya yi kokawa da Kannel a kan na'ura ɗaya. Kafin a kafe modem a wuri, a auna sabis da umarnin AT+CSQ, wanda ke ba da lamba daga 0 zuwa 31: ƙasa da 10 sabis ne mai rauni, daga 15 zuwa sama yana da kyau, 99 kuma yana nufin bai gano komai ba. Idan ɗakin sabar yana tsakiyar gini, a ja eriya zuwa waje.

Mataki na biyar: wuri da wuta

Ga mai haɗin SMPP, shawarata ita ce a ajiye sabar a cibiyar ajiye bayanai da ke cikin ƙasar da cibiyar saƙonnin take, maimakon a ofis. A can akwai wuta da sanyi da adireshi tsayayye, jinkiri kuma kaɗan ne. Ajiye ta a Turai yana aiki, amma yana ƙara nisa, kuma yana rataye aikin a kan wayoyin ƙarƙashin teku. A ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin WACS da MainOne da SAT-3 da ACE sun lalace a lokaci guda a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya yi rauni ƙwarai a Nijeriya da Ghana da maƙwabtansu. Sabar da ke waje a irin wannan rana tana iya kasa kaiwa ga cibiyar da ke Legas, alhali wayoyin jama'a suna karɓar tes lafiya lau.

Idan dole ne na'urar ta zauna a ofis, a lissafa wutarta kamar yadda aka lissafa saƙonni. Ƙaramar kwamfuta da rauta da modem suna iya cin kusan wat 50 gaba ɗaya, wato wat-awa 500 a sa'o'i 10. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 100 yana ɗauke da wat-awa 1,200, amma idan na ruwan acid ne bai kamata a sauke shi ƙasa da rabi ba, don haka 600 ne abin amfani, kuma inbata ma tana cin nata. Batir ɗaya ke nan da ƙyar yake kai dare guda. Biyu tare da sola ko janareta sun fi kwanciyar hankali. A saka UPS, na'urar da ke riƙe wuta na ɗan lokaci idan ta ɗauke, tsakanin inbata da kwamfuta, a saita kwamfutar ta kunna kanta idan wuta ta dawo, a kuma tabbatar rauta da na'urar mai ba da intanet suna kan wannan wutar, domin sau da yawa su ake mantawa. Zafin bazara da ƙurar hunturu suna rage wa na'ura da batir kwana, don haka ɗakin ya samu iska, a riƙa kakkaɓe fankar kwamfutar.

Mataki na shida: adireshi da tsaro

Kusan kowane kamfani ko dillali yana karɓar haɗi ne daga adireshin IP da aka yi masa rajista kawai. Wannan yana nufin ana buƙatar adireshi na dindindin wanda ake gani daga waje. Intanet na sim da yawancin tsare-tsaren gida suna ɓoye masu amfani da yawa a bayan adireshi ɗaya mai sauyawa, kuma alamar hakan ita ce a ga adireshin rauta ya faɗa tsakanin 100.64.0.0 da 100.127.255.255. Irin wannan layi bai dace da zama babbar hanya ba. Idan an tanadi layi na biyu domin ko-ta-kwana, kuma ya kamata a tanada daga wani kamfani daban, a yi wa adireshinsa rajista tun wuri, domin ranar da na farko ya yanke ba ranar cike takarda ba ce.

SMPP a kan kansa ba ya ɓoye komai: sunan asusu da kalmar sirri, wadda ba ta wuce harafi 8, da lambobin mutane da saƙonninsu duk a fili suke tafiya, galibi ta ƙofa (port) mai lamba 2775. Saboda haka a nemi VPN na IPsec ko haɗi mai TLS, waɗanda dukansu ke ɓoye bayanai a hanya. Idan IPsec ne, a yi musayar takardar saiti da injiniyoyin ɗaya ɓangaren, a kuma duba cewa jerin adiresoshin cikin gida na ɓangarorin biyu bai yi karo ba. A katangar tsaro (firewall), a buɗe fita zuwa adireshin cibiyar kawai. Ƙofofin da aka saba ba Kannel, wato 13000 ta kulawa da 13001 da ke haɗa sassan Kannel biyu, bearerbox da smsbox, da 13013 ta karɓar saƙo daga manhaja, kada ɗayansu ta kalli intanet kai tsaye. Duk wanda ya samu 13013 a buɗe da kalmar sirri mai rauni yana iya aika dubban saƙonni da sunan ƙungiyar kuma a kan kuɗinta. Shiga sabar daga nesa ya kasance ta SSH, hanyar shiga mai ɓoye bayanai, da makullin dijital, ba da kalmar sirri ba.

Wani abu da ke rikita masu farawa shi ne haɗin da ke mutuwa shiru. Rauta ko katangar tsaro tana share haɗin da ya daɗe babu motsi, Kannel kuma ta ci gaba da zaton yana nan. Maganinsa shi ne enquire-link-interval, wanda ke aika ɗan saƙon gaisuwa ga cibiya kowace daƙiƙa 30 idan ba a sauya shi ba. A bar shi a haka, a kuma tabbatar wa'adin share haɗi a rauta ya fi wannan tsawo. A saita agogon sabar da NTP, tsarin daidaita agogo ta intanet, domin idan aka zo bin sawun saƙon da ya ɓace tare da dillali, lokaci ne ake kwatantawa.

Mataki na bakwai: lambobi, sunan mai aikawa, da gwaji

A gyara dukan lambobi zuwa tsarin ƙasa da ƙasa kafin su isa mashiga: a Nijeriya a cire sifilin farko a sa 234, a Nijar a sa 227 a gaban lambobi takwas ɗin. Sunan mai aikawa da aka rubuta da haruffa ba ya wuce 11, ba a iya mayar masa da amsa, kuma yawanci sai an yi masa rajista kafin kamfanoni su bar shi ya wuce. Tun 2016 hukumar NCC ta ba masu waya damar toshe saƙonnin talla ta lambar 2442, don haka a tambayi dillali yadda yake bi da saƙonnin hidima da mutum ya nema da kansa, kada su maƙale tare da na talla. Idan ƙungiya tana aika lambobin sirri da kuma sanarwar jama'a, a ware wa kowanne haɗinsa a Kannel, domin kada lambar sirri ta tsaya a bayan sanarwa 90,000.

Gwaji yana farawa da wayoyi kaɗan, ɗaya daga kowane kamfani, har da ƙaramar waya mai madannai, a aika musu saƙo mai ƙ da ɗ da ɓ da kuma dogon saƙo mai gutsure uku, a ga yadda suka bayyana da ko rahoton isarwa ya dawo. Daga nan a gwada nauyi da fakesmsc, cibiyar gwaji da ke zuwa tare da Kannel, domin kada a kashe kuɗi ko a dami jama'a. Sannan a zo ga gwajin da aka fi tsallakewa: ana tsakiyar aikawa a zare wayar intanet na minti biyar a mayar, a ga ko haɗi ya dawo da kansa, a kashe wutar gaba ɗaya, a kunna, a ƙirga ko saƙonnin da ke layi sun fita kuma babu wanda aka aika sau biyu. A ƙarshe a sa wata na'ura daban ta riƙa duba shafin status na ƙofar 13000 kowane minti, ta sanar da mai kula idan haɗi ya faɗi ko layin jira ya yi tsawo. Wannan sanarwa ta bi ta imel ko ta wani modem na daban, domin mashigar da ta faɗi ba za ta iya aika saƙon faɗuwarta ba.